Tokar ƙashi ta haɗi (kalsiyam fosfet na masana'anta)

Tokar ƙashi ta haɗi farin gari ne na kalsiyam fosfet da ake yi daga sinadarai domin ya maye gurbin ƙonannen ƙashin shanu a tangaran mai ƙashi, wato irin faranti da kofin shayin nan marasa nauyi da haske ke ratsawa. Kyansa ya rataya ne a kan daidaiton kalsiyam da fosforas: ana so kowace ƙwayar zarra ɗaya ta fosforas ta samu ta kalsiyam tsakanin 1.50 da 1.67.

Asali

Ana danganta fara sa tokar ƙashi a tangaran ga Thomas Frye na masana'antar Bow da ke Landan, wajen shekarar 1748. Josiah Spode na garin Stoke-on-Trent da ke Ingila ne ya daidaita haɗin a shekarun 1790, kuma kusan shi ake bi har yau: kashi 50 tokar ƙashi, kashi 25 farin yumɓu (kawolin), kashi 25 dutse mai felsfa (ma'adinin da ke narkewa a wuta ya haɗe sauran). Ana tafasa ƙashin a cire kitse da bargo, a ƙona shi a kusan digiri 1000 na ma'aunin Salshiyas, a niƙa. Abin da ya rage shi ne haidiroksi-afatayit, Ca10(PO4)6(OH)2. Sai dai ƙashin wannan mayanka ba ya zama ɗaya da na waccan, kuma wanda bai ƙonu sosai ba yana barin gawayi da ke haifar da kumfa wurin gasawa. Wannan na cikin abubuwan da suka tura masana'antu neman madadi.

Hanyar ruwa

Ana yin tokar haɗi ta hanyar ruwa ko ta busasshen gari. Ga ta ruwa. Ana dama kalsiyam haidiroksayid (jiƙaƙƙiyar farar ƙasa) da ruwa mai tsabta, a riƙa ɗiga masa asid ɗin fosforik ana juyawa ba tsayawa. Don samun kilo ɗaya na haidiroksi-afatayit ana buƙatar kimanin giram 740 na farar ƙasa zalla da giram 690 na asid mai ƙarfin kashi 85. Farar ƙasar kasuwa ba zalla ba ce, don haka a auna tsabtarta tukuna a gyara lissafin. Zafin ruwan yakan kasance tsakanin digiri 40 da 80, ma'aunin pH (mai nuna ƙarfin asid, yana sauka idan asid ya yi yawa) kuma kada ya sauka ƙasa da 9.

A nan ne aka fi ɓata aiki. Idan aka yi gaggawar zuba asid, pH yakan faɗi a wurin da asid ɗin ya sauka, sai a samu daikalsiyam fosfet mai ƙarancin kalsiyam. Jikin tangaran (haɗin yumɓun) da aka yi da irin wannan gari yana saurin narkewa, bakin faranti ya lanƙwashe a tanderu. Idan kuma farar ƙasa ce ta yi yawa, ragowarta takan koma kalsiyam oksayid bayan ƙonawa, ta narke cikin kunun yumɓu, ya yi kauri kamar kokon da ya kwana, ya ƙi zubuwa a mazubin filasta. Gwajinsa ba wuya: a kaɗa ɗan gari a ruwa, a ɗiga fenolftalin, wani sinadarin gwaji mai sauya launi; in ruwan ya rine ja-ja nan take, akwai ragowar farar ƙasa.

Bayan an gama zubawa ana barin haɗin ya kwana, a tace, a wanke, a busar a digiri 105 zuwa 110, sannan a ƙona a wajen digiri 1000 ko sama kaɗan. Tsallake wannan ƙonawa babban kuskure ne. Ɗanyen garin ya cika laushi, yana shan ruwa fiye da kima, kayan su tsuke sosai wurin bushewa su tsage, balle a iskar hunturun Jos. Wuta ce ke girmar da ƙwayoyinsa su yi kusa da na ƙashi. Daga nan sai niƙa a injin da cikinsa da ƙwallayensa na alumina (farin tangaran mai tauri) ne, ba na ƙarfe ba.

Hanyar busasshen gari

Ana gauraya giram 272 na daikalsiyam fosfet marar ruwa da giram 100 na kalsiyam kabonet, a ƙona sama da digiri 1000, a samu kimanin giram 310 na tiraikalsiyam fosfet. Ta fi sauƙi, amma sai an gauraya da kyau.

A cikin tanderu

Gashin farko yana kai digiri 1200 zuwa 1300, na biyu kuma, bayan an shafa ruwan ƙyalli, 1050 zuwa 1100. Fosfet ɗin yakan koma beta-tiraikalsiyam fosfet, kalsiyam da ya rage ya haɗu da kawolin ya zama wani ma'adini mai suna anotayit, sauran ya zama gilashi. Tazarar da ke tsakanin rashin gasuwa da zubewa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, shi ya sa ake gasa faranti a kan madogaran da aka yi daidai da siffarsa. Jikin da aka yi da na haɗi bai kai na ƙashi danƙo ba. Akan ƙara masa ɗan bentonayit fari, wani yumɓu mai danƙo sosai.

Kayan aiki a gida

Kawolin yana nan a Filato, a yankunan haƙar kuza irin su Barkin Ladi, haka kuma a Ƙanƙara ta Katsina, amma sai an wanke shi an bi da maganaɗisu don cire ƙarfe. Ƙarfe ko kaɗan ne yana dusashe farin. Saboda wannan dalili asid ɗin da ake yin takin zamani da shi bai dace ba, haka ruwan burtsatse mai tsatsa. Dutsen fosfet na yankin Dange a Sakkwato yana ɗauke da fuloraid da ƙarfe, ba a zuba shi kai tsaye. Cibiyar koyar da tukwane da Michael Cardew, maginin tukwane ɗan Birtaniya, ya kafa a tsohuwar Abuja (Suleja ta yanzu) a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi aiki, ta karkata ne ga tukwane masu ƙarfi na yumɓun gida, ba tangaran mai ƙashi ba.

Saɓani

Wasu masu saye na ƙin tokar ƙashi saboda rashin sanin dabbar da yadda aka yanka ta. Malamai sun saɓa kan ko ƙonawa na sauya hukuncinta. Akwai kuma jayayya kan ko ya dace a kira kayan da babu ƙashi a ciki da sunan tangaran mai ƙashi.