Sauyin masu horarwa da makomar 'yan wasa a ƙwallon zari-ruga

A ƙwallon zari-ruga mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, sauya koci ba ya tsayawa ga mutum ɗaya. Yana taɓa mataimakansa da salon wasa da kyaftin, har da kwantiragin 'yan wasan da ke tunanin ko su zauna a gida ko su fita waje. Shi ya sa magoya baya ke haɗa tambayoyin biyu a wuri guda: wa zai karɓi ragamar tawaga, kuma wa zai rasa rigarsa. Sai dai ra'ayin koci ƙafa ɗaya ce kawai a murhun. Sauran biyun su ne dokar hukumar ƙasa kan wanda ya cancanci a kira, da kuɗin da ƙungiyoyi ke iya biya, kuma sau da yawa su ne ke yanke hukunci tun koci bai buɗe baki ba.

Zagayen shekara huɗu

Gasar cin kofin duniya, wadda aka fara a 1987, ana buga ta duk shekara huɗu, kuma da ita ake auna kusan kowane kwantiragin kocin ƙasa. Abin da aka saba shi ne a naɗa koci bayan an kammala gasa, a ba shi shekara huɗu ya gina tawaga. Haka Ingila ta yi a Nuwamban 2015, lokacin da Stuart Lancaster ya sauka bayan an fitar da ita tun daga rukuni a gasar da ta karɓi baƙunci, aka ɗauko Eddie Jones. Jones ya karɓe kyaftin daga Chris Robshaw ya ba Dylan Hartley, Ingila kuma ta cinye dukkan wasanninta biyar a Gasar Ƙasashe Shida ta Turai ta 2016. Faransa ma ta bi wannan hanya bayan 2019: Fabien Galthié ya cika tawagarsa ta farko da matasan da ba su taɓa buga wa ƙasa ba, ya ɗauko Shaun Edwards daga Wales domin tsaron baya, a 2022 suka lashe gasar ba tare da an doke su ba.

Makonni shida da suka karya al'ada

Tsakanin Disamban 2022 da Janairun 2023, saura ƙasa da shekara guda a fara gasar duniya a Faransa, manyan ƙasashe uku suka sallami masu horar da su. Wales ce ta fara, ranar 5 ga Disamba, ta sallami Wayne Pivac. Pivac ya ci Gasar Ƙasashe Shida a 2021, amma a 2022 Italiya ta doke shi a Cardiff da ci 22-21, Jojiya ma ta doke shi a can da 13-12. Aka dawo da Warren Gatland, wanda ya riƙe tawagar daga 2007 zuwa 2019. Washegari Ingila ta sallami Jones, duk da cewa ya ci kashi 73 cikin ɗari na wasanninsa, saboda a 2022 wasa biyar kacal ya ci cikin 12. Ranar 19 ga wata aka naɗa Steve Borthwick, wanda ya kai ƙungiyar Leicester ga kofin Premiership, babbar gasar ƙungiyoyin Ingila, a shekarar. A tsakiyar Janairu Ostireliya ta kori Dave Rennie, ta ba Jones ɗin da Ingila ta sallama kwantiragin shekara biyar.

Sakamakon bai zo iri ɗaya ba, kuma har yau magoya baya na kafa hujja da shi ta kowane ɓangare. Borthwick ya sha kashi 53-10 a hannun Faransa a Twickenham a watan Maris, amma ya kai Ingila matsayi na uku a gasar duniya, bayan Afirka ta Kudu ta doke shi a wasan kusa da na ƙarshe da maki ɗaya tak, 16-15. Gatland ya kai Wales zagayen kusa da kusa da na ƙarshe, daga nan abubuwa suka taɓarɓare, ya bar aiki a Fabrairun 2025 bayan an doke tawagar sau 14 a jere. Na Ostireliya ya fi muni. Jones ya bar Michael Hooper, tsohon kyaftin mai wasanni 125, da Quade Cooper a gida, ya tafi da matasa, kuma Carter Gordon ne kaɗai ƙwararren mai lamba 10, wato mai tsara kai hari, a tawagar. Fiji ta doke su 22-15, Wales ta lallasa su 40-6, suka fita daga rukuni karo na farko a tarihinsu. Jones ya ajiye aiki a ƙarshen Oktoba da nasara biyu cikin wasa tara, a Disamba Japan ta naɗa shi.

New Zealand ta yi wani abu dabam wanda shi ma ya jawo ce-ce-ku-ce. A Maris 2023 ta bayyana cewa Scott Robertson ne zai gaji Ian Foster bayan gasar, alhali Foster yana kan kujera. Foster ya kai tawagar wasan ƙarshe, inda Afirka ta Kudu ta yi nasara 12-11.

Abin da sabon koci ke sauyawa

Koci ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai mai kula da kai hari, da mai kula da tsaro, da mai horar da 'yan gaba takwas kan turereniya da jifa daga gefen fili, da mai koyar da bugu, da mai kula da ƙarfin jiki. Idan suna ƙarƙashin kwantiragin wata ƙungiya, sai hukuma ta biya diyya ko ta jira ƙarshen kaka. Borthwick ya taho da Kevin Sinfield nan take, amma Richard Wigglesworth da Aled Walters sai da kakar Leicester ta ƙare suka iso.

Babbar matsalar kocin ƙasa ita ce ƙarancin lokaci. 'Yan wasa ba nasa ba ne sai a lokutan da dokar hukumar duniya, World Rugby, ta tilasta wa ƙungiyoyi su sake su: Fabrairu da Maris ga ƙasashen Turai shida, watan Yuli, watan Nuwamba, da lokacin gasar ƙasashen kudancin duniya. Daga naɗin Borthwick zuwa wasansa na farko da Scotland ranar 4 ga Fabrairu, mako bakwai ma bai cika ba. Wanda ya samu kansa a haka yakan koma ga mutanen da ya sani. Dan Cole na Leicester bai sake buga wa Ingila ba tun wasan ƙarshe na gasar duniya ta 2019, amma Borthwick na zuwa ya dawo da shi.

Salon tsaro ne ya fi saurin raba ɗan wasa da rigarsa. A tsarin da Jacques Nienaber ya shahara da shi a Afirka ta Kudu, layin masu tsaro yana rugawa gaba gaba ɗaya, na gefe suna matsowa ciki domin su toshe miƙa ƙwallo kafin ta isa bakin layi. Idan mutum ɗaya ya makara da taku biyu, sai kafa ta buɗe, kuma babu kowa a gefe da zai tare wanda ya kuɓuce. Ɗan wasan da ya ƙware wajen ja da baya yana bin maharin zuwa layi zai iya zama mara amfani a wannan tsari ba tare da ya rage ƙwazo ba. Mai kula da tsaro Felix Jones ya kawo wa Ingila irin wannan tsaro a 2024, ya miƙa takardar barin aiki a watan Agustan shekarar, sai 'yan wasan suka sake koyon wani abu.

Haka ma zaɓen benci. Tawagar ranar wasa mutum 23 ce, takwas na zaune, kuma an saba raba su 'yan gaba biyar da 'yan baya uku. Kocin Afirka ta Kudu Rassie Erasmus ya mayar da shi shida da biyu a 2019, a wasan ƙarshe na 2023 kuma Afirka ta Kudu ta zaunar da bakwai da ɗaya, Willie le Roux kaɗai ne ɗan baya. A irin wannan lissafi, ɗan bayan da ke iya riƙe gurbi biyu ko uku ya fi wanda ya ƙware a gurbi ɗaya daraja.

Dokokin kiran waɗanda ke waje

Nan ne makomar yawancin 'yan wasa ke yankewa. Ingila ba ta kiran wanda ke buga wa ƙungiyar ƙasar waje, sai in akwai wani dalili na musamman. Lokacin da ƙungiyar Wasps ta Ingila ta rushe a 2022, Jack Willis ya koma Toulouse ta Faransa, aka yi masa uzuri har zuwa gasar duniya. Da ya sabunta kwantiraginsa a can, ƙofar Ingila ta rufe. Henry Arundell ya bi wannan sawu daga London Irish zuwa Racing 92 ta Faransa. New Zealand ma sai mai kwantiragi a gida take kira, amma tana ba manyan 'yan wasanta hutun kaka ɗaya su je su ci kuɗin waje su dawo, kamar yadda Dan Carter ya je Perpignan a 2008, Ardie Savea ya je Kobe, Jordie Barrett ya je Leinster. Richie Mo'unga da ya sa hannu na shekara uku da Toshiba ta Japan bayan 2023 bai shiga wannan rangwame ba, don haka Robertson ya fara aiki babu mai lamba 10 ɗin da suka ci kofuna tare a ƙungiyar Crusaders ta New Zealand.

Wales ta kafa doka a 2017 cewa wanda ke waje sai ya buga wa ƙasa sau 60 kafin a kira shi. A Fabrairun 2023 'yan wasa suka yi barazanar ƙin buga wasa da Ingila saboda an dakatar da ba da sababbin kwantiragi, aka rage adadin zuwa 25. Duk da haka Joe Hawkins, mai wasanni biyar, ya rasa gasar duniya da ya koma Exeter ta Ingila. Ostireliya ta ɓullo da dokar da ake wa laƙabi da sunan Matt Giteau a 2015, mai sharaɗin wasanni 60 da shekara bakwai a gida, daga baya ta sassauta ta. Afirka ta Kudu ce ta fi kowa sakin hannu. A zamanin Erasmus ta soke sharaɗin wasanni 30, ta bar ƙungiyoyin Faransa da Ingila da Japan su biya albashi, ita kuma ta riƙa kiran wanda ta ga dama, irin su Faf de Klerk daga Sale da Cheslin Kolbe daga Toulouse. Ta ci kofin duniya a 2019 da 2023. Masu son a soke dokar Ingila da wannan suke kafa hujja, masu kare ta kuma na cewa idan taurari suka fice, gasar gida ce za ta mutu.

Akwai kuma sauya ƙasa. Daga Janairun 2022, wanda ya yi shekara uku bai buga wa ƙasa ba zai iya komawa ƙasar da aka haife shi, ko aka haifi mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko kakansa, sau ɗaya a rayuwa. Jean Kleyn ya buga wa Ireland a gasar 2019, aka daina kiransa, ya koma Afirka ta Kudu ya ɗaga kofi a 2023. Charles Piutau ya bar New Zealand ya koma Tonga. Wanda sabon koci ya yi watsi da shi yanzu yana iya samun wata ƙofa, idan asalinsa ya ba shi.

Kuɗi da jita-jita

Ƙungiyoyin Premiership na da iyakar albashi. An rage ta daga fam miliyan 6.4 zuwa miliyan 5 a 2021, aka mayar da ita 6.4 a 2024. A tsakani Worcester da Wasps da London Irish suka durƙushe, 'yan wasa da yawa suka rasa aiki a lokaci guda, farashin kowa ya faɗi. Ƙungiyoyin Top 14 na Faransa sun fi ƙarfin aljihu, sai dai doka ta tilasta musu cika wani kaso na 'yan wasan da aka rena a Faransa, don haka guraben baƙi ƙidayayyu ne. Ƙetare iyakar albashi na da tsada: a Nuwamban 2019 an cire wa Saracens ta Ingila maki 35, aka ci ta tarar fam miliyan 5.36, a 2020 kuma ta sauka zuwa rukuni na biyu.

Kakar Turai na ƙarewa a watan Yuni, kwantiragi na ƙarewa tare da ita, amma ciniki yakan kankama tun daga kakar sanyi. Shi ya sa jita-jita ke yawaita tsakanin Oktoba da Fabrairu. Wani labarin wakilin ɗan wasa ne ke sakinsa domin ƙungiyar gida ta ƙara kuɗi, wani kuma gaskiya ne da ake musantawa har sai an sa hannu. A Satumban 2023 jaridar Sydney Morning Herald ta ruwaito cewa Eddie Jones ya tattauna da hukumar Japan kafin gasa, shi kuma ya musanta. Masu bibiyar lamarin kan duba abu uku kafin su gaskata labarin tafiyar ɗan wasa: yaushe kwantiraginsa ke ƙarewa, wasa nawa ya buga wa ƙasa idan aka gwada da sharaɗin hukumarsa, da kuma ko ƙungiyar da ake alaƙanta shi da ita tana da sarari a iyakar albashi da gurbin baƙi. Akwai kuma tafiyar da babu lissafin da ke hango ta. A Janairun 2024, a ranar da Gatland zai bayyana tawagarsa ta Gasar Ƙasashe Shida, Louis Rees-Zammit ya sanar cewa ya bar zari-ruga zai gwada sa'arsa a ƙwallon Amurka ta NFL.