Katangar Tubali da Tsofaffin Ƙofofin Kano: Tambayoyin da Ake Ta Maimaitawa

Na sha amsa waɗannan tambayoyi, saboda haka ina roƙon a karanta da kyau kafin a sake kawo mini su.

Doka ta kare badala?

Ƙwarai kuwa. Badala, wato ganuwar da ta kewaye tsohon birnin Kano, da ƙofofinta kayan tarihi ne na ƙasa, a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya wadda dokar 1979 ta kafa.

Wa ya gina ta?

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Bai kamata ɗan Kano ya tambayi wannan ba.

Gidanmu ya jingina da tsohuwar katanga, ga shi ta tsage. Zan iya toshewa da siminti?

A nan ne mutane ke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Tubali ƙasa ce da aka kwaɓa da ciyawa, aka mulmula da hannu, rana ta busar da ita, kuma tana shan laima da damina ta fitar da ita da rani. Idan aka rufe ta da siminti, laimar ba ta da mafita, sai katangar ta riƙa ruɓewa daga ciki alhali fuskarta tana nan sumul. Na taɓa ƙwanƙwasa irin wannan yaɓe na ji shi fanko, da aka ɓamɓare kuwa sai ƙasa ta zubo kamar gari.

Sauran kuma ya danganta. Idan tsagar a yaɓe kawai take, hankalinka ya kwanta, magini zai sake yaɓe da laka da makuba, wato haɗin ɓawon ɗorawa, bayan ɗaukewar ruwa. Idan ta ratsa daga sama har ƙasa, ko gindin katangar ya zaizaye, to wataƙila indararo ne ke zuba a jikinta, ko kwata ce ke kwance a gindinta, kuma sai an kawar da ruwan kafin gyara ya yi amfani. Idan kuwa ɓangaren yana cikin abin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi, kada ka taɓa shi sai ka je gidan tarihi na Gidan Makama ka nemi izinin hukuma a rubuce, ko da kai ne za ka biya kuɗin aikin.

Ai an sake gina Ƙofar Na'isa, to ina asarar?

An rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi. Abin da ke tsaye yanzu suna ya gada, amma tubalin da hannun magabata ya mulmula ya tafi.

Ƙasa kaɗan zan ɗiba in yi yaɓe, laifi ne?

Laifi ne. Tun 2007 badala take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, domin neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya, amma je ka dubi gindinta ka ga ramukan da masu ɗibar baro ɗaya ɗaya suka bari.