Don Allah Ku Daina Ce Mana “Ba Mu Ba Shi Komai Ba”

Akwai tambayar da ba ma fasa yi wa duk wanda ya kawo mara lafiya likita, tun kafin a rubuta ordonans, wato takardar sayen magani, tun kafin a fasa kwalbar allura: me kuka ba shi a gida? Amsar kuwa kamar an haɗa baki. Ƴar cikin garin Tawa, da wadda ta sha hanya daga Kalfu, da wadda aka ɗauko a amalanke daga ƙauyukan Bambai, duk bakinsu ɗaya: “Wallahi Madam, ba mu ba shi komai ba.” Yaro ya kwana uku da masassara a gidan da akwai uwa, akwai kaka, akwai matan sauri, ga mai tebur a bakin ƙofa, a ce ba wanda ya ɗiga masa ko ɗigo? Haba jama'a. Mu ma a irin waɗannan gidajen muka tashi.

Na san abin da ke sa a ɓoye. Wata tsoron faɗa take ji, kuma tana da hujja, don a cikinmu ma'aikata akwai masu zafin baki. Wata uwar miji ce ta ɗura wa yaron jiƙo, ita kuwa ba ta isa ta ambaci sunanta a gaban mutane ba. Wata mai gida bai san ta sayi ƙwaya ba, ga shi yana tsaye a bayanta. Akwai kuma waɗanda har ga Allah ba ƙarya suke yi ba, su a wurinsu parasetamol bai kai a kira shi magani ba. Duk na ji. Amma ku sani ba don neman mai laifi muke tambaya ba. Maganin da za mu ba shi yanzu zai je ya tarar da wanda kuka riga kuka ba shi a cikin jiki, kuma mu ba mu da idon da ke ganin abin da ke cikin yaro. Bakinku ne kawai zai gaya mana.

Bari in fara da parasetamol ɗin nan da aka raina. Ana auna shi ne da nauyin yaro: miligiram 15 ga kowane kilo, duk bayan awa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Yaro mai kilo 10 ke nan miligiram 150 ne rabonsa a sha ɗaya. Ƙwayar manya guda kuwa miligiram 500 ce. Babban mutum ma bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba, wato ƙwaya 8, kuma wanda hantarsa ba ta da lafiya ko wanda ya rame ko kusa da haka bai kamata ya je ba. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne yawan sunayensa. Doliprane shi ne, Efferalgan shi ne, Panadol shi ne, kuma yawancin ƙwayoyin mura da na ciwon jiki da ake sayarwa a tebur akwai shi a ciki.

Wata baiwar Allah ta kawo ɗanta, ɗan wajen shekara biyu, ya yi laushi, yana amai. Ta rantse ba a ba shi komai ba. Na bar maganar, na ɗora shi a sikeli, kilo 10 da ƴan kai. Sai da kowa ya fita na ce, “Ɗiyata, ni da ke ne yanzu. Da jikinsa ya yi zafi cikin dare, me kika yi masa?” Ta yi shiru. Can ta kwance bakin zanenta. Ga sauran katin ƙwayar manya, an ɓalle fiye da rabi. Ga kwalbar siro ta wansa da ta rage tun bara, takardar jikinta ta koɗe. Ga wasu ƙwayoyi guda uku tsirara a ƙunshe cikin takardar littafin ƴan lakwal, mai tebur ya ce na mura ne. Ƙwayar manya sukutum take narka masa a ludayi safe, rana da dare, ta bi da siro idan zafin ya dawo. Ba muguwar uwa ba ce, kwana ta yi ba ta runtsa ba. Amma da na yarda da rantsuwarta ta farko, abin da zan fara ba shi don sauke masassara parasetamol ne. In ƙara a kan wanne? Ita hanta ba ta kuka a ranar. Sai bayan kwana biyu ko uku, yaro kamar ya samu sauƙi, sannan idanu su yi ɗorawa, a ce shawara ce ta kama shi.

Haka nan maganin palu, wato masassarar cizon sauro. Kwartem sha shida ne cikin kwana uku, yawan ƙwayar kuma da nauyi yake tafiya: ɗaya ga mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15, biyu zuwa ƙasa da 25, uku zuwa ƙasa da 35, huɗu daga nan zuwa sama. Sai a ba yaro sha biyu, jiki ya yi sanyi, a ɗaga sauran “don wata rana”. Bayan sati ya dawo da masassara, a kawo mana shi, a ce ba a ba shi komai ba. To ga matsalar. Awon jinin yatsa da muke yi na gaggawa yana iya ci gaba da nuna palu har makonni bayan an sha magani. Idan na san ya sha Kwartem cikakke kwanan nan, ba zan tsaya ga wannan awon ba, zan nemi wani abu daban: ciwon haƙarƙari, ciwon kunne, ciwon fitsari, ko sanƙarau idan lokacinsa ne. Idan na san rabi ya sha, shi ma da yadda zan yi. Idan kuwa aka ɓoye mini, sai in maimaita abin da aka riga aka yi, ciwon gaskiya yana can yana cin yaro.

Maganin rigakafin palu da ake bi gida-gida ana rabawa da damina, na yara ƴan wata 3 zuwa 59, shi ma magani ne, a faɗe shi. Na ranar farko a gaban mai rabawa ake sha, na sauran kwana biyun uwa ake bar wa. Mun san akwai masu ɓoye shi sai yaro ya yi zafi su ba shi, akwai masu raba na ƙane da wa. Ba haka aka ce a yi ba, amma idan an yi, a gaya mana. Akwai amodiyakin a cikinsa, bai kamata a ɗora wa yaron wani maganin palu mai amodiyakin ba. Ɗayan ƙwayar kuma, wato Fansida, dangi ɗaya ce da Baktirim, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ba a haɗa su.

Tunda na ambaci Baktirim: duk wanda ya taɓa shan magani jikinsa ya feso da ƙuraje, ko leɓɓansa suka kumbura, ko bakinsa ya yi gyambo, ko numfashinsa ya sarƙe bayan allura, wannan labari ne da za a riƙa faɗa a kowace likita har ƙarshen rayuwa, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Karo na biyu yakan fi na farko muni. Wanda ya taɓa ganin yadda fatar mutum ke saɓulewa saboda Baktirim ko Fansida ba zai sake wasa da wannan zancen ba.

Kada manya su ɗauka da mata da yara kaɗai nake. Ku kun fi kowa ɓoyo. A kawo saurayi majiyi ƙarfi, mai kabu-kabu ko ɗan ci-rani da ya dawo daga Abijan ko Libiya, yana jijjiga yana kumfar baki. Uba ya ce iska ce. Abokan da suka ɗauko shi sun san tiramol ya haɗiya, sun sunkuyar da kai sun yi tsit don kunyar Baba. Tiramol na likita miligiram 50 ne, na kasuwa akwai mai 120, mai 200, har mai 225, kuma yawansa yana kawo jijjiga. Allurar da muke yi don tsayar da jijjigar tana rage ƙarfin numfashi, shi ma tiramol haka yake yi. Dole mu sani, don mu san yadda za mu tsare numfashinsa. Kai abokinsa, ba sai ka faɗa a gaban mahaifinsa ba. Ja ni gefe ka raɗa mini. Ni ba jandarma ba ce.

Ƴan uwana mata masu shan ƙwayar ƙiba, ku ma ina gaishe ku. Deksametazon da ke cikin irin waɗannan haɗe-haɗen yana hawar da sukari da jini, yana danne alamun ciwo, kuma wadda ta daɗe tana sha, idan ta yanke shi farat ɗaya tana iya faɗuwa. Mu kwantar da ke, mu ba mu san kina sha ba, ke kuma kin bar shi a gida, kwana biyu jiki ya rikice mu rasa dalili. Mai ciki kuma da ta sha diklofenak ko ibuprofen don ciwon baya a watannin ƙarshe, ta faɗa, don suna taɓa ɗan da ke ciki. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na naƙuda. A ba mace jiƙon saurin haihuwa, ko a kira wani mai jaka ya yi mata allurar naƙuda a ɗaki, abu ya ƙi, a kawo ta, kowa ya rufe baki. Idan ungozomar likita ta ƙara mata ruwan naƙuda a kan wancan, mahaifa tana iya fashewa. Rai biyu ke nan, saboda kalma ɗaya da aka ji nauyin faɗa.

Game da jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ba zagin maganin gargajiya na zo yi ba, wannan zance ne na wata rana. Tofi da addu'a kuwa ba wanda ya hana, mu ma muna yi. Amma duk abin da ya bi ta baki ko aka ɗura ta ƙasa, a faɗi sunansa, da yawansa, da lokacin da aka ba shi.

Kuma faɗa da baki kaɗai ba ya isa, a zo da abin. “Wata ƴar fara ce ƙarama” ba bayani ba ne, rabin ƙwayoyin duniya farare ne ƙanana. “Mai ja da ɗorawa” ma haka. Ku kawo katin ko da ya ƙare, ku kawo kwalbar ko da wofi ce. A jikinsu muke ganin suna, da ƙarfi, da ranar lalacewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa a ƙasashe irin namu, kusan magani ɗaya cikin goma jabu ne ko mara inganci. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya, ƙodarsu ta tsaya, aka gano guba a cikin wasu siro na tari da mura, kuma sai da aka auna abin da ke cikin kwalaben aka gane. Ƙara da zafin ƙasarmu ta Adar. Yawancin magunguna an rubuta a jikinsu kada su wuce zafin digiri 25 ko 30, ga tire a kan ɗan talla yana zagaya kasuwar Lahadi a watan Afrilu, rana ta haura 40. Wannan ƙwayar, ko asalinta mai kyau ce, Allah kaɗai ya san abin da ya rage a cikinta.

Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitocin gwamnati na Nijar. Na sani, wani lokaci a zo a tarar maganin ya yanke, a miƙa maka ordonans, aljihu kuma ba jikka ko ɗaya, shi ya sa tebur ya fi kusa. Ban ce ban san wannan ba. Ko ka saya a tebur, ka zo ka faɗa.

Abokan aikina, mu ma da namu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda aka daka wa tsawa sau ɗaya a gaban layi ba zai sake gaya mana gaskiya ba, kuma zai gargaɗi maƙwabta. Kada a tsaya ga “kun ba shi magani?”, amsarta a'a ce kullum. A tambaya dalla-dalla: na zafin jiki fa, na zawo fa, siro fa, allura fa, na Hausa fa? A fitar da ƴan rakiya idan an ga uwa tana satar kallon wani. A auna nauyin yaro kafin a lissafa magani, ban da kintace. Abin da aka ji kuma a rubuta a karne, wato littafin mara lafiya, don wanda zai karɓi aikin dare ya gani.

Layi na jirana, ga abin da nake roƙo a taƙaice:

- Duk abin da mara lafiya ya sha cikin makonnin nan, a zuba a leda a taho da shi, har na gargajiya.
- A riƙe lokacin sha na ƙarshe. Ba sai da agogo ba, “bayan sallar asuba” ya wadatar.
- A zo da karne, da tsohon ordonans idan akwai.
- Mai ciki, mai shayarwa, mai tsarin iyali, mai shan maganin tarin fuka, hawan jini, sukari ko farfaɗiya, su faɗa tun kafin a rubuta musu komai.
- Wadda ta yi jinyar yaron da hannunta ita za ta shigo ɗakin awo, kada a aiko wanda bai kwana a ɗakin ba.
- Idan an ji nauyin faɗa a gaban mutane, a ce “Madam, ina da magana”, za mu fita tare.
- Idan sai bayan an koma gida aka tuna da wani abin da aka ba shi, a dawo a faɗa kafin a ba shi sha na gaba.