Waiwaye: Limaman coci a fada, malaman zaure a kurkuku

A watan Satumba na 1943, ana tsakiyar yaƙi da Jamus, Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, ya kira manyan limaman cocin Otodoks uku zuwa fadar Kremlin, ya ba su izinin zaɓar shugaba. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar kula da Musulmin Asiya ta Tsakiya a Tashkent, aka ɗora mufti a kanta. Daga nesa sai ka ce rabo ɗaya aka yi wa addinan biyu, alhali tun daga nan hanya ta rabu.

Coci tana da shugabanci hawa-hawa, daga ƙaramin limami har zuwa mutum ɗaya a sama. Ko an danne ta, tsarin yana nan, kuma duk mai mulkin da ya zo ya san da wa zai yi ciniki. Musulunci kuwa a kan malami da almajiransa ya tsaya. Mufti yana riƙe da madarasar Mir-i Arab ta Bukhara, amma karatu mai zurfi ya koma ɗakunan ɓoye da suke kira hujra, wato makarantar zaure irin tamu, sai dai ita ƙofarta a kulle. A irin wannan ɗaki a Dushanbe, babban birnin Tajikistan, malam Muhammadjon Hindustani ya karantar da Said Abdullo Nuri, wanda daga baya ya jagoranci 'yan adawar Tajikistan.

Da gurguzu ya faɗi, coci ba ta ma nemi kafa jam'iyya ba. A Poland, cocin Katolika ta riga ta tsaya wa ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity tun 1980, don haka da aka sauya gwamnati sai ta karɓi ladanta: darasin addini ya koma makarantu a 1990, dokar taƙaita zubar da ciki ta biyo baya a 1993. A Rasha, dokar 1997 ta ambaci matsayi na musamman da Otodoks take da shi a tarihin ƙasar, aka kuma sake gina babbar cocin Mosko da Stalin ya rushe a 1931.

A Asiya ta Tsakiya ba a sauya masu mulki ba, riga kawai suka sauya. Islam Karimov, sakataren jam'iyyar gurguzu a Uzbekistan, shi ne dai ya zama shugaban ƙasa. A Disamban 1991 ya je Namangan, inda matasa suka mamaye ofishin jam'iyya, wani saurayi mai suna Tohir Yoldosh ya tsare shi a bainar jama'a yana neman a kafa daular Musulunci. Karimov ya haɗiye, ya koma Tashkent, cikin 'yan watanni aka shiga kame. Yoldosh ya tsere, daga baya ya ɓulla a Afganistan da bindiga a hannu. Tun daga ranar, duk malamin da ba na mufti ba abin zargi ne, kuma bayan harin 11 ga Satumba 2001 babu wata babbar ƙasa da ke son yin tambaya.

Masu cewa bambancin daga aƙida yake, su dubi Bosniya. Alija Izetbegović, wanda daga baya ya shugabanci ƙasar, ya sha ɗauri a 1983 saboda rubutunsa kan Musulunci, amma da aka bar jam'iyyarsa ta shiga zaɓe a 1990, sai ta zama jam'iyyar kare al'ummar Bosniyak, wato Musulmin Bosniya, kamar dai yadda coci ta zame wa wasu tutar ƙasa.

Tajikistan ce kaɗai a yankinta ta gwada barin jam'iyyar Musulunci ta shiga zaɓe, musamman bayan yaƙin basasa na 1992 zuwa 1997. Yarjejeniyar sulhu ta ba 'yan adawa kashi 30 cikin ɗari na muƙamai, jam'iyyar Nuri ta sami kujeru biyu a majalisa. A 2015 gwamnatin Emomali Rahmon ta haramta ta, ta kira ta ƙungiyar ta'addanci. Shugabanta Muhiddin Kabiri yana gudun hijira a Turai, manyan mataimakansa biyu kuma aka yanke musu ɗaurin rai da rai.