Waiwaye: yadda harshe ɗaya ya tashi da suna huɗu a tsohuwar Yugoslabiya

Duk wanda ya ɗauki kwalin sigari a Bosniya zai ga gargaɗin cewa taba na kisa an rubuta shi har sau uku. Layi biyu, "Pušenje ubija", ko ɗigo bai bambanta su ba. Na ukun kalmomin nan ne dai, sai dai da baƙaƙen Sirilik, irin waɗanda Rashawa ke rubutu da su. Ɗaya na Bosniyak ne, ɗaya na Kurowat, ɗaya na Sabiyawa.

Mutumin Zagreb da na Belgrade da na Sarayebo, wato manyan biranen Kuroshiya da Sabiya da Bosniya, za su raba dare suna hira ba tafinta. Madara "mleko" ce a Belgrade, "mlijeko" a sauran biyun. Gahawa kuwa "kafa", "kava" ko "kahva", ya danganta da gidan da aka zuba maka. Abin da ya raba su tun asali addini ne da daulolin da suka mulke su: Sabiyawa 'yan Otodoks, Kurowat 'yan Katolika, Bosniyak kuma sun musulunta a zamanin Daular Usmaniyya, har suna rubuta harshensu da baƙaƙen Larabci da suke kira "arebica", kamar dai ajaminmu.

A 1850 wasu marubuta, ciki har da Vuk Karadžić na Sabiyawa da Ivan Mažuranić na Kurowat, suka haɗu a Biyana, babban birnin Austiriya, suka amince da karin harshe guda don rubutu. Yarjejeniyar Novi Sad ta 1954, zamanin Tito, shugaban Yugoslabiya, ta tabbatar da sunan Sabo-Kurowat. Ba a je ko'ina ba, a 1967 marubutan Kurowat suka fitar da sanarwa suna neman harshensu ya tsaya da sunansa, don suna ganin karin Belgrade na danne nasu. Sunan haɗakan nan kuwa ko ambaton Musulmin Bosniya bai yi ba, alhali tun 1631 Muhamed Hevaji Uskufi ya rubuta ƙamus na harshen da ya kira Bosniyanci. Su kansu mutanen sai a ƙidayar 1971 aka ba su gurbi a matsayin al'umma, da sunan "Muslimani". Sunan Bosniyak a 1993 suka ɗauke shi a hukumance, ana tsakiyar yaƙin Bosniya da ya ci rayuka kusan 100,000. Bayan sunayen Sabiyanci da Kurowanci da Bosniyanci, Montenegro ta ƙara na huɗu, wato nata, a kundin tsarin mulkinta na 2007.

Inda gizo ke saƙa a yau, sunan harshen ne. Bosniyak na kiran harshensu "bosanski", wato na ƙasar Bosniya. Hukumomin Republika Srpska, yankin Sabiyawa a cikin Bosniya, sun ƙi. A wurinsu "harshen al'ummar Bosniyak" ne kawai, don suna ganin sunan ƙasa zai haɗa har da su. Damuwar ba ta rasa tushe ba. Amma a ganina wanda aka kore shi daga garinsu a 1992, ya dawo ya sake ɗaura rufin gidansa, ba ƙaramin ciwo ba ne a ce ba shi da ikon raɗa wa harshen da uwarsa ta yi masa tawai da shi suna. A 2013 iyayen yara a Konjević Polje, kusa da garin Srebrenica a Republika Srpska, sun janye 'ya'yansu daga makaranta, suka kafa tantuna a Sarayebo kan wannan batu da na manhaja.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne makarantun da ake kira "biyu ƙarƙashin rufi ɗaya", inda 'ya'yan Kurowat da na Bosniyak ke karatu a gini guda amma aji daban, a wasu wuraren har ƙofar shiga daban, da hujjar bambancin harshe. A watan Maris na 2017 masana da marubuta daga ƙasashen huɗu, wato Bosniya da Kuroshiya da Sabiya da Montenegro, suka fitar da sanarwa a Sarayebo cewa harshen ɗaya ne mai cibiyoyi da yawa, kowa na da 'yancin kiransa yadda ya so, a daina raba yara. Dubban mutane sun sa hannu, manyan 'yan siyasa kuwa, musamman a Kuroshiya, suka yi fatali da ita. Da yawa daga 'yan yankin da ke ci-rani a Jamus ko Austiriya, idan sun haɗu, "naš jezik" kawai suke cewa, wato harshenmu.