Waiwaye: Tambayar "Yi Bayani" da Malaman Gobe

A watan Afrilun 2025 Ministan Ilimi na Najeriya, Tunji Alausa, ya sanar cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta. Shirin shi ne a fara da tambayoyin canki-canka, waɗanda ake zaɓar amsa ɗaya daga cikin jeri, sannan a 2026 a haɗa har da ɓangaren da ɗalibai ke kira tiyori, wato inda yaro zai zauna ya tsara amsa da kansa. Iyaye da masu makarantu sun yi ta cece-kuce. Waɗanda ba a cika jin ta bakinsu ba su ne ɗaliban kwalejojin ilimi, alhali su ne gobe za su koyar da rubutun, su kuma duba shi.

Asalin jarrabawar sakandare a ƙasar nan rubutu ce. Zamanin Turawa daga Kambirij da Landan ake turo tambayoyi, a kwashi takardun amsa a jirgin ruwa a kai Ingila a duba. Bayan rahoton Dakta Jeffery, wani masanin ilimi daga Ingila, na 1950 aka kafa WAEC a 1952, aikin ya dawo hannun 'yan gida sannu a hankali. A lokacin masu zana jarrabawa ba su da yawa, mai dubawa na iya bin takarda layi-layi.

Yawan ɗalibai da satar amsa ne suka canza lissafin, ba wai an gano rubutu ba shi da amfani ba. Fitar tambayoyi ta 1977, wadda har yau ake kira "Expo 77", ta nuna kaya sun yi wa WAEC yawa. A 1978 aka kafa JAMB, jarrabawarta kuwa canki-canka ce zalla, na'ura ke dubawa, kuma daga 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya. NECO ta zo a 1999 da hedikwata a Minna, ta bi tsarin WAEC na haɗa iri biyun. A taƙaice, takardar gama sakandare ta riƙe rubutu, ƙofar shiga jami'a da kwaleji ta yar da shi.

Nan ne malamin gobe ya samu kansa a tsaka mai wuya. Da canki-canka ya shigo kwaleji, a shekarun da mafi ƙarancin makin shiga kwalejin ilimi ya tsaya a 100 cikin 400. Idan ya gama NCE, jarrabawar samun lasisi ta TRCN, hukumar rajistar malamai, ita ma canki-canka ce a kwamfuta. A tsakanin ƙofofin biyu an koya masa a darasin auna fahimtar ɗalibai cewa tambayar rubutu ce ke nuna ko yaro ya iya jera hujja, ita kuwa ɗayar saurin dubawa da rashin son kai ne alfanunta.

Shi ya sa idan ka zauna da 'yan TP, masu zuwa makarantu gwajin koyarwa, za ka ji baki biyu, wani lokaci daga mutum ɗaya. Suna yabon tiyori: ba a cinta da sa'a, kuma ko yaro bai kai ƙarshe ba yana samun makin matakan da ya bi, musamman a lissafi. Amma suna tsoronta. Na farko, Turanci. Yaron da ya san yadda tsiro ke haɗa abincinsa, zai yi maka bayani tiryan-tiryan da Hausa, amma a ba shi biro ya rubuta da Turanci sai ya daskare. Shin Bayoloji aka auna ko harshe? Na biyu, dubawa. Wanda aka damƙa wa aji mai yara fiye da ɗari, ya ba su insha'i ranar Litinin, ya dawo gida da buhun littattafai a bayan babur, ba sai an gaya masa dalilin da ya sa tsofaffin malamai suka koma ba da "cike gurbi" ba.

A ganina wannan na biyun ya fi nauyi, kuma shi aka fi yin shiru a kansa. Duba insha'i sana'a ce mai zaman kanta. A takardar Turanci ta WAEC ana son kalmomi kusan 450, ana raba maki tsakanin ƙunshiya, tsari, iya sarrafa harshe da kiyaye ƙa'idojin rubutu. Kafin a raba wa masu dubawa takardu sai an tara su, kowa ya gwada hannunsa a kan takardu iri ɗaya har makinsu ya zo kusa da juna. Ɗalibin kwaleji yakan ji labarin wannan a lacca, amma da wuya a ɗora masa takardu goma a ce ya duba, a gwada da na abokinsa.

Masu cewa na'ura ba ta kuskure kuwa, 2025 ta ba su amsa. WAEC ta fara sanar da cewa kashi 38.32 cikin ɗari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta nemi afuwa, ta mayar da adadin 62.96, saboda an duba canki-cankar Turanci da amsoshin da ba nata ba.

Tun 2024 WAEC ke gwada wata hanya da masu zana jarrabawa masu zaman kansu: tambayar rubutu ta fito a allon kwamfuta, amsa a rubuta a takarda. A Nuwamban 2025 Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta komawa kwamfuta gaba ɗaya zuwa 2030. Idan har aka kai ga buga amsar ma, malamin Hausa na da ƙarin aiki, domin madannan kwamfutar da ke cibiyoyin jarrabawa ba su zo da ɓ, ɗ da ƙ ba, kuma a insha'in Hausa rubuta "kasa" a gurbin "ƙasa" kuskure ne da ake rage wa maki.