Bugun zafi a zomayen gida

Bugun zafi ciwo ne na gaggawa da ke kama zomo idan zafin jikinsa ya hau har ya kasa saukar da shi da kansa. Zafin jikin lafiyayyen zomo yana tsakanin digiri 38.5 da 40 a ma'aunin Selshiyos. Da ya haura 40.5, likitocin dabbobi kan ce bugun zafi ne, kuma yana iya kashe dabbar cikin 'yan sa'o'i.

Dalilinsa

Zomayen da ake kiwo a gida sun samo asali daga zomon dajin Turai, wanda masana ke kira Oryctolagus cuniculus, ɗan asalin yankin Sifen da Fotugal. A daji cikin rami yake wuni, ƙarƙashin ƙasa inda ke da sanyi, sai da almuru ko da asuba ya fito kiwo. Keji ya raba shi da wannan mafaka, amma halittarsa tana nan yadda take. Gashinsa mai kauri ne, ba ya gumi kamar mutum ko doki, haki kuma ba ya yi masa amfanin da yake yi wa kare, domin shi ta hanci yake numfashi.

Kunne ne babbar hanyarsa ta fitar da zafi. Wanda ya ɗaga kunnen farin zomo a haske zai ga jijiyoyin jini sun yi rassa kamar na ganye. In zafi ya taso sai jijiyoyin nan su buɗe, jini ya kwararo cikinsu, iska ta kwashe zafin. Wannan dabara tana ci ne muddin iskar ta fi jikin sanyi sosai. Zomo ya fi sakewa a yanayin da bai wuce digiri 21 ba. Daga 28 zuwa 30 an shiga haɗari, musamman in iska ta tsaya ko ta cika danshi. Keji mai rufin kwano, ɗakin da ba taga da motar da aka rufe a rana duk sukan fi waje zafi nesa ba kusa ba.

Zomo mai ƙiba, tsoho, mai ciki, da mai ciwon zuciya ko na huhu su ne kan gaba wajen kamuwa. Haka ma masu dogon gashi irin su Angora, da masu langaɓaɓɓen kunne, waɗanda iska ba ta ratsa kunnensu sosai.

Alamomi

Zomo dabba ce da ake farauta, don haka yakan ɓoye rauninsa, abin da ke sa masu shi da yawa ba sa farga da wuri. Da fari zai miƙe a ƙasa ya daina cin abinci, kunnuwa su yi ja su ɗau zafi, numfashinsa da aka saba gani sau 30 zuwa 60 a minti ya koma sama-sama da sauri, hanci na motsi ba tsayawa. Daga nan gefen hanci ya jiƙe, miyau ya fara zuba. Idan aka gan shi ya ɗaga kai baya, ya buɗe baki yana neman iska, to abu ya yi nisa. Abin da ke biyo baya shi ne tangaɗi, dasashi ya yi shuɗi-shuɗi, sai jijjiga da suma.

Taimakon farko da magani

A ɗauke shi a hankali zuwa wuri mai sanyi da iska, a shafa wa kunnuwansa ruwa mai ɗan sanyi, a kwantar da shi kan jiƙaƙƙen tawul, a kunna fanka daga gefe. Kada a lulluɓe shi da tawul ɗin, don zai riƙe zafin. Kada kuma a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara: sanyi mai tsanani yana tsuke jijiyoyin fata, firgicin kaɗai ma yana iya illata shi. A ajiye masa ruwan sha kusa, amma ba a ɗura wa zomon da ya galabaita ruwa, sai ya shaƙe.

Ko ya nuna ya farfaɗo, a kai shi wurin likitan dabbobi nan take. A can ake yi masa ƙarin ruwa, a ba shi iskar oksijin, a riƙa auna zafinsa kada ya faɗi ƙasa da kima. Illar takan bayyana daga baya: ƙoda ta gaza, jini ya rikice wajen daskarewa, ko hanji ya tsaya cak, wanda shi kansa kisa yake yi. Namijin da ya sha zafi kwanaki a jere kuma yakan yi makonni bai iya ba da ciki ba.

Rigakafi

Inuwa tana tafiya da rana, kejin da ke cikin inuwa da hantsi yana iya zama cikin rana tsaka da azahar, saboda haka a duba shi a lokuta daban-daban. Ruwan sha a kwano ya fi na kwalba mai bututu, domin zomo ya fi sha da yawa daga kwano. Gorar ruwa da ta daskare a firiza, a naɗe ta da ƙyalle, ko falen tayil mai sanyi, suna ba shi abin jingina. A riƙa taje masa gashin da ke zuba, a yayyafa wa ganyen da zai ci ruwa, in kuma tafiya ta kama a yi ta da sassafe ko bayan faɗuwar rana.